Tambayar da Yayanki Ya Yi a Ajina

Assalamu alaikum, Zulai 'yata.

Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Gombe lafiya. Allah Ya tsare miki masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin baƙunta. Na cusa ta cikin jakarki tsakanin zannuwa ne don na san halina. In na ce zan zaunar da ke in faɗa da baki, da faɗa zan ƙare, ke kuma ki cika ki yi fam, mu tashi ba a ƙulla komai ba.

Labarin gida babu, jiya-jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni.

Ranar Laraba ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, na jiyo ki a ɗaki kina gwada darasin da za ki fara yi wa ɗalibanki a cibiyar kwamfutar da aka tura ki bautar ƙasa. Na kasa kunne ina jin daɗi, ina cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kika jero ma'anar class, kalmar nan ta masu rubuta manhaja, da Turanci tiryan-tiryan, kika jero ta object, kika kawo manyan kalmomin darasin nan huɗu ko numfashi ba ki ja ba. Sai na ji kin ce wa bangon ɗaki, "Wanda bai gane ba ya je ya karanta, ba ni da lokacin maimaici." Wallahi Zulai, tiren ya kusa suɓuce mini. Maganata ce. Har yadda kika ja ƙarshenta nawa ne. A bakina kika tsince ta, kuma da ita na kori yayanki daga wannan ilimi. Abin da nake tsoro ke nan, kada ki je garin mutane ki yi wa ɗan wani abin da na yi wa nawa.

Ke kin taso kin tarar ana ce mini Malama mai kwamfuta, tsofaffin ɗalibaina suna tare ni a kasuwa suna gaisuwa. Ba ki san irin malamar da nake a farko ba. Bari in gaya miki, ba don ki raina ni ba, ko da yake in kin raina ɗin ma ni na jawo.

Lokacin da na fara koyarwa a wata 'yar makarantar koyon kwamfuta da ke bakin titin Abuja, ji nake duk Keffi babu kamata. Mace, 'yar Jigwada ta nan Keffi, ta iya rubuta manhaja! Kaina ya yi girman da ƙofar aji ba ta isarsa. Ranar farko ta darasin nan na kan cika allo da encapsulation da inheritance da polymorphism da abstraction, in ja layi a ƙarƙashin kowacce, in ce a kwafa a haddace. Su kuwa bayin Allah, wasu ko riƙe linzamin kwamfuta ba su gama iyawa ba. Akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma da aka turo, akwai malaman firamare, akwai yaran da suka gama sakandare suna jiran jami'a. Su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar mini da abina kamar yadda na ba su, in ba su maki in yi ta taƙama. Amma ka ce wa ɗayansu ya zauna ya rubuta layi biyar da kansa, sai ka ga ido ya raina fata. Shekaru na yi ina shuka dusa ina kiranta noma.

Don haka kada ki fara da sunaye. Suna ba ya shiga kan mutum sai ya riga ya ga abin da ake kira. Ki bari su taɓa abin, su lalata shi, su gyara, sannan ki ce musu, to wannan da kuka yi yanzu ga sunansa a littafi. Manyan kalmomin nan za su iya jira har mako na uku, babu inda za su gudu.

Kuskurena na biyu, misalaina duk na littafi ne, littafin kuma ba don mu aka rubuta shi ba. In ce su ɗauka akwai asusun banki mai kaza da kaza, ko wani tsuntsun ƙanƙara da ba ya tashi, wanda ni kaina a hoto kawai na taɓa ganinsa. Ɗalibi yana fama da sabon ilimi, na kuma ɗora masa sabuwar duniya. Hausa kuwa na haramta ta a ajina. Wanda ya yi tambaya da Hausa sai in yi kamar ban ji ba, wai don kada darajar darasi ta zube. Kin ji wauta? Mutanen da Hausar ce ta haɗa su, wannan Mada, wannan Eggon, wancan Gwandara, wancan Bafulatani, na ƙwace musu abu ɗaya da duk suke ji.

A cikin wannan hali yayanki ya shigo ajina.

Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Ya gama sakandare bai samu gurbi a jami'a ba a shekarar, babanku ya ce maimakon zaman banza ya bi ni makaranta. Shi kuwa murna kamar an yi masa albishir da Makka. Yaron da tun yana firamare yake kwance rediyon babanku ya mayar, wani lokaci ta yi magana wani lokaci a sha duka. Tun kafin ya shiga ajin yakan ɗauki littattafaina ya ɓuya da su a zaure.

To kin san ɗan fari ne. Kin san yadda aka tarbiyyantar da mu. Ban taɓa kiran sunansa ba, har yau ɗin nan. A gaban mutane ban taɓa yaba masa ba, ban taɓa jan sa a jiki ba, a wajen kakarku ma ya yi rabin ƙuruciyarsa. Wannan kunya ce, kuma ba na zagin ta, iyayenmu da suka yi ta ba mahaukata ba ne. Laifina shi ne na ɗauke ta daga tsakar gida na kai ta cikin aji, inda ba wurinta ba ne. Ga kuma tsoron kada a ce Malama tana fifita ɗanta. Sai na zama in zan kira shi in ce "kai na baya can." In ya ɗaga hannu in duba wani gefen. In aikinsa ya fi na kowa kyau in wuce kwamfutarsa kamar ban gani ba, in tsaya a kan ta kusa da shi in ce madalla.

Rannan na gama bayanin class da object, wato na gama karanto abin da na haddace, na ce akwai mai tambaya? Na faɗa ne don al'ada, ina ma tattara allina. Sai ya miƙe. Ya ce, "Malama, ni ban gane ba. In na rubuta class ɗin, ai na riga na yi abin. Me ya sa kuma sai na sake ƙirƙiro wani abu daga cikinsa kafin ya yi aiki? Mene ne bambancinsu?"

Zulai, a duk shekarun da na yi ina koyarwa ba a taɓa yi mini tambaya mai kyau irin wannan ba. Ita ce ƙofar darasin gaba ɗaya, wanda ya gane amsarta ya gane sauran. Kuma ga gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba: ba ni da amsar. Na iya rubutawa, hannuna ya san yadda ake yi, amma in faɗa da kalmomin da mutum zai gane, babu. Abin da ke bakina ma'anar littafi ce kawai, ita kuma na riga na faɗa. Ga aji duk ana kallona, ga wanda ya tsayar da ni ɗan cikina. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kowa ya gane sai kai? Kai da kake kwana gida ɗaya da littattafan? Ƙwaƙwalwar kifi kawai. Wanda bai gane ba ya je ya karanta, ba ni da lokacin maimaici."

Aka kwashe da dariya. Waɗanda suka fi kowa dariyar ma ba su gane ba, daɗi suka ji ba su ne suka tambaya ba. Ya zauna a hankali ya sunkuyar da kai.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Da yamma ina bakin murhu ya zo ya tsaya daga nesa, ya ce, "Mama, abin nan na ɗazu, ko za ki ɗan sake yi mini?" Ya ba ni dama ta biyu, babu aji, babu mai dariya. Ko ɗagowa ban yi ba. Na ce ya je ya tambayi 'yan ajinsu, ni nan gida ne ba makaranta ba. Na ci gaba da tuƙa tuwona.

Ya ƙara zuwa ajin na ɗan lokaci, bai sake ɗaga hannu ba. Daga nan ya fara fashi, daga fashi sai muka ji an gan shi a tasha yana yi wa direbobi lodi. Babanku ya yi ta faɗa, yana cewa malalaci ne, an kai shi inda zai zama mutum ya gudu. Ina zaune ina ji. Na san ba lalaci ba ne, na san abin da ya kore shi, amma na ja bakina na yi gum, don in na kare shi za a ce ba ni da kunya, kuma sai na tona kaina. Shi ma bai taɓa faɗa wa babanku ba. Wannan shirun nawa ya fi zagin ciwo a raina, domin zagin cikin fushi na yi shi, shirun kuwa da hankalina.

Ga abin da nake so ki riƙe. In ɗalibi ya yi miki tambayar da ba ki da amsarta, ki ce, "Tambayarka ta yi kyau, ban san yadda zan faɗa ba tukuna, ka ba ni zuwa gobe." Ba za ki mutu ba. Rawaninki ba zai faɗi ba, da ma ba ki da shi. Kuma ki lura da kanki: duk lokacin da kika ji tambaya ta ba ki haushi, yawanci ba ɗalibin ne da laifi ba, wurin da ba ki iya ba ya taɓa. Wanda ya ce bai gane ba a gaban mutane ya yi jarumta, kuma da bakin rabin ajin yake magana. Kada ki bari a yi masa dariya, ko da ke ba ki yi ba.

Kin san wadda ta gyara ni? Wata malamar firamare ce daga Gitata, Rifkatu, babbar mace mai 'ya'ya, irin waɗanda ba sa tsoron kowa. Shekaru bayan tafiyar yayanki ta zo ajina. Na gama jero ma'anonina, ta ce, "Malama, don Allah tsaya. Tun daga Gitata na hau mota na zo, ba zan koma da Turancin da ban san kansa ba. Faɗa mini da Hausa, kamar uwata kike yi wa bayani." Na buɗe baki zan yi halin nawa, sai na ga wannan ba yarinya ba ce, in na zage ta ramawa za ta yi. Na tsaya ina inda-inda. Allah Ya taimake ni, ta taga na hango mai masar da ke soya a bakin ƙofar makaranta. Na ce, "Kin ga tandar can? Ita ce class. Ita ta yanke yadda kowace masa za ta kasance, faɗinta da zurfinta. Amma ba a cin tanda. Sai an zuba ƙullu masa ta fito, ita ce object. Tanda ɗaya, masa ɗari, kowacce da kanta: wannan ta ƙone, wannan an sa mata sukari, in kin cinye ɗaya sauran suna nan." Rifkatu ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan? To me ya hana ki faɗi haka tun safe?"

Ajin ya yi ta murna, ni kuwa tambayar nan ce ta faɗo mini a rai. Amsar yayanki ke nan. Kullum tana bakin ƙofa tana soyuwa, ina wuce ta.

Daga ranar na canja. In zan koyar da ɓoye cikin abu, wanda littafi ke kira encapsulation, sai in ce su tuna injin niƙa: kina miƙa hatsinki ki ce gari ko tsaki, ba kya cusa hannu cikin injin, kuma don lafiyarki aka rufe shi. In an zo kan umarni ɗaya da kowa ke aikatawa ta hanyarsa, sai in tsayar da mutum huɗu in ce kowa ya gaida baƙo da harshen gidansu. Magana ɗaya na yi, gaisuwa huɗu ta fito, sai in ce to kun ga polymorphism, ku daina jin tsoronsa. Amma kada ki kwashi misalaina ki kai Gombe kamar yadda na kwaso na littafi na kawo Keffi. Ki tambaye su sana'ar gidajensu, ki zaga kasuwarsu, ki ga abin da hannunsu ya saba da shi. Kuma ki sani kowane misali yana da inda yake ƙarewa. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini ai masa ba ta yin komai, object kuwa yana aiki. Na ce ya yi gaskiya, muka nemi wani misalin tare.

Sai maganar gado, wato inheritance, inda wani class ke gadon halayen wani. A nan ma na yi ɓarna bayan na shiryu, don daɗin koyar da shi nake ji, mutanenmu kuma sun san gado, nan da nan suke kamawa. Sai ɗalibaina suka mayar da komai ɗan wani. Wani ya kawo mini aiki, kaka da uba da ɗa da jika har tattaɓa-kunne, ya taɓa abu ɗaya a wajen kakan, zuri'ar gaba ɗaya ta rushe. Ki koya musu gado a makare, kuma ki gaya musu ba duk abin da ya yi kama da wani ne ɗansa ba. Wani abin maƙwabci ne kawai, aro za a yi a wajensa.

In an ɗauke wuta, kuma za a ɗauke, kada ki cika allo da rubutu ki ce a kwafa. Ki sa su zama object ɗin da kansu, wannan ya aika wa wancan saƙo, wancan ya amsa. In wuta ta dawo ki bar su su yi kuskure. Ni da na ga ɗalibi yana lalube sai in ture hannunsa in buga masa da kaina, aiki ya yi kyau, shi kuma ya tashi yadda ya zauna. Ki sa hannuwanki a baya, ko ƙaiƙayi suke yi miki.

Za ki ce to ai na gyara, ɗalibai sun amfana, me ya rage? Bari ki ji abin da ya rage.

Watan jiya da zan je ganin likitan ido a Abuja, yayanki ne ya kai ni a motarsa ta haya. Ya hana fasinja gidan gaba ya ce na Mama ne. Muka shiga cunkoson Mararaba, mota ba gaba ba baya. Na daɗe ina juya maganar a raina, shekara da shekaru, sai rannan na yi ta maza. Ban kalle shi ba, titi nake kallo. Na ce, "Tambayar nan da ka taɓa yi mini a aji, ta class da object. Ina da amsarta yanzu."

Na ɗauka zai ce bai tuna ba. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai na samu amsar, Mama. Wata ɗalibar jami'a na ɗauko kwanakin baya, tana karatun kwamfuta a waya, na tambaye ta. Ta ce zanen da kamfani ya yi na irin motar nan shi ne class, wannan da nake tuƙawa da waccan ta gabanmu su ne object, kowacce da lambarta da inda aka buge ta. Ta ce ba a shiga zane a je Abuja. Kafin mu kai Masaka na gane." Sannan ya ce, "Ashe abin ba wuya."

Zulai, ya tuna. Duk shekarun nan yana ɗauke da tambayarsa, har sai da ya miƙa ta ga baƙuwar da ta biya kuɗin mota, alhali uwarsa malamar abin ce.

Ya ce wani lokaci in suna rigimar layin lodi a tasha, yakan ce a ransa da ya iya da ya yi musu 'yar manhaja a waya, kowa ya san bayan wa yake. Na yi caraf na ce ai bai makara ba, ya zo gida in koya masa daga farko, da Hausa, a hankali. Ya ce, "Haba Mama, da yara uku da mota? Yaushe?" Babu fushi a muryarsa, da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi. Sai hanya ta buɗe, ya sa giya, ya tambaye ni ko iskar taga ta yi mini yawa.

Ban ce tuƙi abin kunya ba ne. Yana ci da iyalinsa da halal, yana yi mana abin da wasu masu digiri ba sa yi wa iyayensu. Amma ba shi ya zaɓa ba. Abin da yake so daban ne, yana da kan yin sa, ya zo wurina da ƙafarsa har sau biyu, ni na rufe ƙofar. Na so in ce ya yafe mini a cikin motar nan. Har muka je muka dawo ban faɗa ba. Ki taya ni addu'a Allah Ya ba ni ikon faɗa kafin in mutu.

Ke kuwa ga aji nan za a damƙa miki. Wata rana kin gaji, kin yi bayani har kin ƙosa, wani zai ɗaga hannu daga baya ya ce bai gane ba. Ba ki san me ya sha kafin ya iya ɗaga hannun nan ba, kuma ba ki sani ba ko shi ne na ƙarshe da zai ɗaga. Ki ajiye allin, ki je inda yake, ki kira shi da sunansa, ki sake farawa.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na harshenki, wanda na san inda kika gado shi. Allah Ya sa waɗanda za su zauna a gabanki su tashi da abin da zai amfane su. Ya dawo mana da ke lafiya. Babanku yana sa miki albarka. In kin samu sarari ki kira yayanki ki ce kin sauka, shi ya ce zai ɗora miki kaya a mota, kuma na san yana jira.

Wassalam.

Mamanki.